Notin da Ya Ƙi Kwancuwa

Duk motar da ka gani a kan hanya, daga tsohuwar Starlet da ke taksi a Yamai har zuwa manyan motocin da ake yi wa baƙin gilashi, can ƙarƙashin injinta akwai wani ɗan noti da bai fi babban yatsan hannu ba. Shi ke toshe ramin da ake zubar da baƙin mai idan lokacin canji ya yi. Makanikanmu na nan Damagaram bushon suke ce masa, aikin kuma bidanj, abin da ƴan uwanmu na Kano ke kira juye. Masu mota da yawa ba su taɓa sa shi a ido ba. Amma in ya faɗi a hanya, man inji zai tsiyaye cikin ƴan mintoci, kafin direba ya lura da jar wuta inji ya riga ya ci kansa. In kuma ya ƙi fita, tsohon mai ba shi da ƙofar da zai bi ya ba sabo wuri.

A ƙarafan mota gaba ɗaya da wuya ka sami wanda ake kwancewa a mayar sau da yawa kamarsa, ko wanda hannuwa iri-iri suka taɓa kamarsa. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har tukunyar miya, zafin bazara kuma ya haura digiri 40, mai hankali ba ya barin mai ya daɗe a inji. Yawancinmu kilomita 5,000 muke ƙirgawa mu zubar. Ga shi motocin nan ba sababbi muke sayensu ba. Sun gama rayuwa guda a Beljik ko Jamus, sun sauka a Kwatano, ko kuwa Lome tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, sannan suka fara ta biyu a hannunmu. Ka lissafa mutum nawa suka kwanta ƙarƙashin mota mai shekara 20. Kowannensu ya bar sawu a kan wannan noti, kuma wanda ya zo bayansa shi ke taka sawun, mai kyau ne ko mummuna.

Ni a wurin mahaifina na koyi kwanciya ƙarƙashin mota. Direba ne, Allah ya jiƙansa, ƙarfinsa duka a hanyar Damagaram zuwa Kano ya ƙare, ta Matamai da Daura, da Peugeot 504 mai dogon baya, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da. Bushon ɗin 504 ba shi da kai mai kusurwa shida irin na motocin Japan. Rami ne mai kusurwa huɗu, milimita 8, sai ka sami ƙarfen da zai shige daidai. Nasa wani maƙeri ne ya ƙera masa, kullum yana naɗe cikin tsumma tare da takardun mota, ba ya ba da aronsa ko ga wa. Yana iya barin yara su kwance, su tara mai, su wanke, amma ɗauri shi ke yi da kansa. Ya kan ce yatsu ne ke shigar da noti har ya zauna, kile sallama kawai yake zuwa yi.

Ni ban zama direba ba, malamin makaranta na zama, amma da Allah ya hore mini Corolla tawa sai na ci gaba da yin bidanj a ƙofar gida. Kuɗin aikin ba shi ne babban dalili ba. So nake in ga bidon ɗin mai a rufe da hatiminsa, in buɗe da hannuna, in kuma ga launin wanda ya fito. Mai kan ba ka labarin inji in ka murza shi tsakanin yatsu: in ka ji tsakuwa-tsakuwa ko ka ga ƙyallin ƙarfe, ko ya koma kalar shayi da madara, to akwai magana.

Wata rana ƙanena ya ari motar zuwa Agadas, ya yi mako uku da ita. Ya dawo mini da ita a wanke, tanki cike, yana murmushi ya ce, "Yaya, har bidanj na sa aka yi maka a hanya, don kada in dawo maka da gajiya." Na yi godiya, na sa albarka. Me mutum zai ce wa wanda ya yi masa alheri?

Watanni suka wuce, kilomita suka cika. Lokacin kuwa ya zo daidai da aikin idon Inna. Yana ta rufe mata idon dama, na hagu ma ya fara hazo, har ta daina gane jikokinta sai sun yi magana. An ba mu ranar Talata a wani asibitin ido a Maraɗi, tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka, kuma kuɗin aikin da na magani da na masauki na riga na ƙulle su wuri guda, babu rarar dala a kansu. Ranar Asabar da safe na shirya yin bidanj kamar yadda na saba, don mu tashi Litinin da sabon mai.

Na tayar da inji na bar shi ya yi ɗumi minti 10, don mai ya saki jiki ya fito da dattinsa. Na ja birkin hannu, na sa duwatsu a tayoyin baya, na ɗora kirik a kan katako saboda ƙasarmu rairayi ce, ƙarfe nutsewa yake. Sannan na tokare motar da gungumen ice. Wannan ba na wasa da shi. Kirik ɗagawa ce aikinsa, ba riƙo ba, bulon siminti mai rami kuwa ba ya gargaɗi, fashewa yake yi gaba ɗaya. Na shimfiɗa buhu, na tura daro, na kwanta, na ɗora kile katorz.

Da na ja sai kile ya zame, ba tare da notin ya ko motsa ba. Na tsaya. Na goge wurin da tsumma, na haska da fitilar salula. Kusurwoyi shidan nan da na sani masu kaifi, huɗu sun lashe sun koma kamar kan ƙusa, biyun da suka rage suna da tabon haƙoran filaya. A gefe kuma wani farin zare na leda ya leƙo daga ƙarƙashin kan notin.

Wanda ya saba da ƙarfe zai karanta abin da ya faru kamar wasiƙa. Kan notin milimita 14 ne. A kasuwanninmu kayan aiki a cakuɗe suke, na awon milimita da na awon inci, kuma kile mai lamba 9/16 na inci ya fi 14 faɗi da abin da bai kai sulusin milimita ba. Yana shiga, yana kama, mai aiki ya ɗauka daidai ne. Amma wannan ɗan lilon ya isa ya sa ƙarfin ya tattaru a bakin kusurwa maimakon ya kwanta a kan bangon notin, in aka matsa sai kusurwar ta lanƙwashe. Haka kile molet mai daidaita baki yake yi in haƙoransa sun tsufa. Da kile ya fara zamewa sai aka ɗauko filaya aka ƙarasa.

Ƙarfin da Toyota ta ce a ɗaure wannan noti da shi kuwa kaɗan ne, bai kai niyuton-mita 40 ba. In a mayar da shi maganar kasuwa, nauyin kilo 20 ne a ƙarshen kile mai tsawon santimita 20, abin da hannu ɗaya zai yi ba tare da mutum ya cije leɓe ba. To ka ba saurayi ƙaƙƙarfa doguwar sanda ta santimita 40, ya tokare ƙafa a jikin taya ya ja da nauyin kilo 30, ya riga ya ninka abin da ake so sau uku. Kuma ba ƙarfin ɗauri ne ke hana yoyo ba tun farko. Akwai wata ƴar washa mai taushi, ta alminiyon ko ta jan ƙarfe, da ke zama tsakanin kan noti da tukunyar mai, wadda makanikai ke cewa karter. Ita ke murƙushewa ta cike duk wata kafa. Sau ɗaya aka yi ta don ta yi aiki. In ta riga ta baje aka sake mayar da ita, sai ta yi ɗigo, in ta yi ɗigo sai a ƙara ɗauri, in bai tsaya ba a naɗa leda a ƙara wani ɗaurin.

Aikin ƙofar gida kuwa ba ya rasa masu ba da shawara. Kafin in fito daga ƙarƙashin mota mutum huɗu sun taru a inuwar dogon yaro. Ɗaya ya ce a zuba man birki, yana cin tsatsa. Wani ya ce kananzir. Na yi musu bayani cewa wannan noti ba tsatsa ke damunsa ba, tun da aka ƙera motar zarensa a cikin mai yake kwana yake tashi, kuma washa ta toshe hanyar da wani ruwa zai bi daga waje. Mai shayi ya ce a hura masa wuta. Tukunya ce cike da mai, ga tiyon esansi ba nisa, na ce a bar wannan. Sai ɗan maƙwabcina, wani samɓalelen yaro mai ɗaga ƙarfe da yamma, ya ruga gida ya dawo da bututun ruwa mai tsawon mita guda.

"Mushe, ka ba ni minti biyu. Wallahi ko an yi masa walda sai ya fito."

Na san zai iya. Abin da ya tsoratar da ni ke nan. Da bututun nan ɗayan uku ne zai faru: ko kusurwoyi biyun da suka rage su tafi, ko kan notin ya guntule ya bar gindinsa a ciki, ko ya fito tare da zaren karter a jikinsa. Na ukun shi ne mafi muni, don daga nan babu notin da zai sake kamawa sai an faɗaɗa ramin an yanka sabon zare, ko a sauke karter a nemo wata a wurin masu kayan gwanjo. Duka biyun kuɗi ne da kwanaki, ni kuwa ba ni da ko ɗaya.

Na zauna a bakin dakali ina lissafi. Notin da ya ƙi fita ba ya yoyo, wannan alherinsa ke nan guda ɗaya. Man da ya cika kilomita 5,000 ba ya zama guba a na 5,001. Zai kai mu Maraɗi ya dawo da mu ba tare da inji ya san an yi ba, muddin yana kan alamarsa. Motar da zarenta ya lalace kuwa ko kasuwar Dole ba za ta kai ni ba. Inna tana daga zaure a kan tabarma, ba ta ganin komai amma babu abin da ya wuce kunnenta. Ta ce, "Kai, ubanku ma da ya fi ka sanin ƙarfe ba ya fafe gora ranar tafiya. Sauke motar nan." Na sauke. Na ciro sandar awo, na ƙara rabin lita daga sabon bidon, na mayar da daro ɗaki babu ko ɗigo a cikinsa. Ɗan maƙwabci ya tafi da bututunsa ransa a ɓace.

Muka je Maraɗi muka dawo lafiya. Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji, abin da Inna ta fara faɗa shi ne ashe na yi furfura haka.

Asabar ta gaba na je na ɗauko wani dattijo, abokin mahaifina, wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin tasha kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yanzu ba ya iya kwanciya a ƙasa, sai dai ya zauna a kujera ya yi umarni. Ya karɓi hoton notin da na ɗauka a salula, ya nisanta shi da ido ya duba, sannan ya tambaye ni abin da babu wanda ya tambaya a makon da ya wuce.

"Ɗana, ina sabon?"

"Sabon me, Baba?"

"Sabon bushon da washarsa. Wannan da za mu fitar gawa ce, ba zai koma ba. Ba a buɗe rami sai murfi na hannu."

Na nuna masa, don na sayo tun a Maraɗi, mai zaren milimita 12 irin na Toyota, da washa uku. Ya jujjuya shi ya gyaɗa kai.

Ya sa na sake ɗuma inji. Ya ba ni magagari ya ce in bi bangarorin kan notin ɗaya bayan ɗaya, ina shafewa a hankali har kowane ɓangare ya sake yin fuska shimfiɗaɗɗiya. Wannan ya ci fiye da rabin sa'a, ina kwance, garin ƙarfe na zubo mini a gemu. Daga nan ya zaro daga aljihun ƴar shararsa wani duwil, wato kan kile mai kama da ƙoƙo, lamba 13, mai kusurwa shida a ciki. Ya ce masu kusurwa sha biyu sun fi daɗin sawa a wuri mai matsi, amma a bakin kusurwa suke kamawa, mu kuwa ba mu da kusurwa, bango muke nema. Na ɗora shi, bai shiga ba, kuma haka ake so. Ya ce in buga da ƙaramar guduma, kaɗan-kaɗan, a miƙe, in tuna cewa karter falle ce ba maƙera ba. Duwil ɗin ya dinga nutsewa yana yanka wa kansa hanya har ya zauna daram.

"Ta ina za ka juya?"

Tambayar kamar ta raini, amma ba ita ba ce. Mutum a tsaye ya san hagu ce kwancewa. Mutum a kwance rigingine, kansa wajen taya, noti kuma yana kallon baya, hagunsa da damansa sukan rikice, kuma notuna da yawa sun mutu a hannun masu ɗaurewa da niyyar kwancewa. Dattijon ya ce in daidaita fuskata da kan notin, in juya shi yadda alhazai ke ɗawafi.

Sannan ya hana ni ja. Ya ce in sa doguwar sanda, in danne duwil da tafin hannun hagu don kada ya karkace, in ɗan ɗame har in ji ƙarfe ya miƙe, sai in doki ƙarshen sandar sau ɗaya da ƙarfi. Ja mai tsawo yana ba ƙarfe lokacin lanƙwashewa, bugu ɗaya kuwa girgiza haɗin yake yi kafin ya shirya. Na farko, shiru. Na biyu, shiru. A na uku na ji "ƙas", irin ƙarar da ba ka sanin ko nasara ce ko hasara sai ka taɓa. Na cire sandar, na kama duwil da yatsu na murza. Ya biyo ni sumul, babu cijewa. Da zare ya lalace da zai yi ta juyawa a wuri ɗaya, ko ya yi nauyi duk zagaye. Mai ya ɓalle baƙi ƙirin, da ɗuminsa, ya sauka a daro.

Dattijon ya ce da wannan bai yi ba, akwai kurfi: a kafa bakinsa a gefen kan notin a dinga bugawa ta wajen kwancewa. Da shi ma ya gaza, sai mai walda ya liƙa wani babban noti a kai, bayan an cire batir, da guga cike da rairayi a kusa. Ya ce wannan na ƙarshe ya yi shi sau da yawa kuma bai taɓa jin daɗinsa ba.

Da muka duba gawar, washa biyu muka tarar, ɗaya manne a kan ɗaya, sun baje kamar ganyen da aka taka, ga leda naɗe a zare. Na zagi wanda ya yi aikin, ban san shi ba, ban san garinsu ba. Dattijon ya bar ni na gama, sannan ya ce ba mugu ba ne, yaro ne mai tsoro. Ya ce shi ma yana ɗan koyo an taɓa zane shi da bel ɗin fanka saboda wata mota ta dawo tana ɗigo, a gaban mai motar aka yi. Tun daga ranar ya dinga ɗaure noti kamar mai ɗaure ɓarawo, sai da ya girma ya buɗe nasa wurin, motocin da ya ɗaure suka fara dawowa hannunsa, sannan ya sassauta. Ɗigo a ranar ake ganinsa, kuma an san wanda ya yi. Ɗaurin da ya wuce kima sai bayan wata huɗu, a wani gari, a hannun wani. Babu yaron garejin da aka taɓa duka saboda shi.

Na yi ta juya wannan magana, kuma a ganina laifin ya fi komawa kan masu gidan da mu masu mota. Washa ba ta kai kuɗin kofin shayi ba, amma wuraren bidanj na bakin hanya kaɗan ne ke ajiye ta, mu kuma ba ma tambaya. Kile mai awon ɗauri, wanda ke yin ƙara in an kai adadin da aka sa masa, yana nan a duniya tun kafin a haife ni, sai dai ban cika ganinsa a inda ake wannan aiki ba. An bar yaro ɗan shekara 14 da tsohuwar washa, da kile mai lilo, da maigida mai bel a hannu. Ni ma a aji na ga irin wannan: yaron da aka taɓa duka kan ya bar tambaya babu amsa, daga ranar zai cika takarda da rubutu ko ya sani ko bai sani ba.

Na goge bakin ramin, na shafa yatsa a zaren karter na ji shi lafiya. Na canza filtar, na sa sabuwar washa guda ɗaya, na shigar da sabon noti da yatsu har ya zauna, kile ya yi sallamarsa. Lita huɗu ba ta shige duka ba. Muka tayar da inji, muka shimfiɗa farar takarda a ƙasa muka sha shayi zagaye biyu, takarda ta tashi fes. Tsohon man na juye a bidon na rufe, da yamma wani mai gini ya zo ya karɓa, zai shafa wa katakon rufi saboda gara. Duwil 13 kuwa sai da muka kafa shi a kan dutse muka fitar da gawar da ƙusa da guduma. Dattijon ya hure shi, ya mayar aljihu, ya ƙi karɓar ko dala, sai goro.

Bayan sallar isha'i ƙanena ya zo duba idon Inna. Yana fita ya ga daro da tsummoki a zaure.

"Yaya, bidanj ka yi? Wancan da na sa aka yi maka dai ya yi kyau ko?"

Na ce, "Ya riƙe ƙwarai. In za ka sake tafiya da ita ka faɗa mini tun da wuri, in yi maka a gida kafin ka tashi."